Rakin da Na Yi a Ɗakin Haihuwa

A danginmu in ana lissafin mata masu raki, da ni ake farawa. Ko gobe ki je taron suna a gidanmu ki zauna kusa da Gwaggo, ba za ki tashi ba sai ta ba ki labarin yadda na cika asibiti da kuka ranar haihuwata ta fari, har da kwaikwayon muryata, hannu biyu a ka. Ni ma taya su dariyar nake yi. Kukan dai na yi shi, ba sharri aka yi min ba. Abin da ke ci min rai kawai shi ne irin wahalar da na sha wajen shirin kada in yi shi.

Cikina ya shiga wata na bakwai aka mayar da ni gida goyon ciki, yadda ake yi wa mai cikin fari. Mijina ya ɗauko ni daga ɗan gidan hayarmu na Badawa ya kawo ni gidan Baba a Nassarawa, tafiyar da ko injin mota bai gama ɗaukar zafi ba an iso, amma ni na haɗo kaya kamar mai barin ƙasar. Gidan Baba irin tsofaffin gidajen ma'aikata ne, mai faffaɗan fili da bishiyoyin mangwaro da suka girme ni. Layinmu shiru ne, in ba ƙarar janareta ba sai rediyon maigadi. Aka share min ɗakin da na yi 'yanmatanci. Gwaggo, yayar Baba, ta tattaro kayanta daga Gawuna ta tare a ɗakin tare da ni, don ita aka ɗora wa kula da ni har in yi arba'in.

Umma, wadda ta haife ni, tana cikin gidan, lafiyarta ƙalau. Matsalar ita ce ni ce 'yarta ta fari, ita kuma a ƙauye ta tashi, can ƙasar Jigawa, inda ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ta yi shekaru aru-aru a Nassarawa, ta je Makka, ta iya tura saƙon murya a waya, amma wannan kunyar ko gezau ba ta yi ba. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni, "ke" ce. In tana maganata da wani, "waccan" ce, in kuma ranta fari ne ta ce "'yar Gwaggo". Ƙannena kuwa tun daga kicin take ƙwala musu kira, har maƙwabta sun haddace sunayensu. Ranar da na gama jami'a na kawo mata takardar, ta dubi bango ta ce an gode Allah. Ranar da za a kai ni gidan miji ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo, aka yi juyin duniya ta fito ta yi min nasiha ta ƙi.

Na san tana sona. Tsokar da ta fi girma a kwanona take faɗawa, in kuma na kwanta zazzaɓi nakan ji takunta ya zo bakin ƙofa, ya tsaya, ya juya. Na sani sarai. Amma ina so in ji da kunnena, ko sau ɗaya, kuma da girmana da karatuna ban taɓa iya faɗa wa kowa haka ba.

A asibitin da nake awo, kafin a fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya, wata nas kan tsaya gaban bencina ta yi mana bayani: abin da za a ci, yadda za a kwanta, kayan da za a zo da su. Wata ranar ta ce, "Ranar haihuwa mace ɗaya tak muke bari ta shiga da ke. Maza suna waje, 'yan dubiya suna waje. Kowacce ta zaɓi wadda hankalinta zai kwanta da ita tun yanzu, kada ranar ku zo mana da gayya." Matan da ke gefena suka hau cewa ai uwa ce, wa za a kawo in ba uwa ba. Wata ma har da cewa ita in mamanta ba ta wurin, to ɗan ya haƙura ya ci gaba da zama a ciki. Na yi dariya tare da su, na dawo gida.

Na yi kwana da kwanaki ina tsara yadda zan faɗa wa Umma ita nake so ta shiga da ni. Ni da aikina koyarwa ne, nake tsayawa gaban aji cike da 'yanmata marasa ji in yi magana ba gargada, sai ga ni gaban madubi ina bitar jimla biyu. Da na ga na haddace, na same ta da hantsi a bayan kicin tana tsinkar zogale. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna da ƙyar, na sa hannu ina taya ta.

"Umma, a asibiti sun ce ranar mace ɗaya za a bari ta shiga."

"To."

"Sun ce wadda hankalin mutum ya fi kwanciya da ita."

"Ai Gwaggo ta san hanyar," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai ta ɗaga murya ta kira autarmu da sunanta, ta ce ta zo ta rage wutar gas.

Na ci gaba da tsinka har na cika tire guda, ganye da tsinke duk a haɗe, sai da ta sake bin nawa daga baya.

Da na ga nan ba ta ɓulle ba, na ɗora wa mijina. Wannan kam wauta ce tsantsa, don in dai kunyar suruka ce ba na biyunsa. Ya zo bayan la'asar cikin babbar riga, ya cire takalmi tun daga baranda, ya durƙusa a bakin ƙofar falo. Ina laɓe ina saurare. Ya gaishe ta, ta amsa daga bayan labule. Ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya sake gaishe ta. Ya ce to Allah ya ƙara girma, ya miƙe. Da na raka shi bakin mota na tambaye shi ina saƙon, ya ce wallahi shi ya ga kamar ta gane.

Gwaggo ce ta ƙarasa ni ba tare da ta sani ba. Wata yammar tana shafa min man zaitun a ƙafa, don sun kumbura sun yi suntum, ta hau ba ni tarihin haihuwar matan gidanmu, wacce ta yi jarumta da wacce ta ba da mata. Kowacce da matsayinta a wurin Gwaggo, har waɗanda suka daɗe da rasuwa ba ta yafe musu ba.

"Uwarki kuwa," in ji ta, "ranar da ta haife ki ina tsakar gida ina tankaɗe. Ko tarinta ban ji ba. Kukanki kawai muka ji, muka ruga muka tarar ta gama komai, ta juya fuska bango. Yarinya ƙarama fa a lokacin. Ku 'yan boko kuwa allura ma sai an danne ku."

Nan take na yanke shawara. Tunda Umma ba za ta zo ba, to labari zai je mata. Za a dawo gida a ce mata waccan ko uffan ba ta ce ba, jininki ce. Na ƙudurta a raina cewa ko me zai faru ba za a ji muryata a ɗakin haihuwa ba. A lissafina, in ta ji haka, ko ba ta ce komai ba za ta ɗago ido ta dube ni. Nan burina ya tsaya, ban nemi fiye da haka ba.

Sai na shiga atisaye. Na gani a waya cewa wasu matan kan damƙe ƙanƙara a tafin hannu don su koyi jure zafi. Kullum da rana sai in faki ido in buɗe firiza in ɓalli ƙanƙarar da Umma ke ajiye wa zoɓo, in shige ɗaki in damƙe. Ranar farko ban kai ƙarshen Fatiha ba na yi jifa da ita ina yarfe hannu. Da tafiya ta yi tafiya har ƙulhuwallahu nake ɗorawa a kai, ina jin ni wata ce. Umma ta fara yi wa iska ƙorafi cewa akwai ɓeran da ya koyi buɗe firiza a gidan nan. Ɓera bai tanka ba.

Akwai kuma numfashi. Ki ja ta hanci, ki fesar ta baki, hu-hu-hu, ido a rufe, kina lilo a kan wata ƙatuwar ƙwallon roba da na sa mijina ya zagaye gari ya nemo. Gwaggo ta shigo ta same ni a haka. Ta dafa kaina ta fara Ayatul Kursiyyu. Da na yi mata bayani ta ce in dai ba iska ba ce da sauƙi, amma duk da haka daga ranar kullum sai ta yi min tofi a ruwa.

Kayan asibiti kuwa tun da wuri na haɗa su, na kwance, na sake haɗawa. Akwatin jariri daban, nawa daban, ga jakar abubuwan da nas ta ce a zo da su, su safar hannu da auduga da leda da sabulu. Na ƙara da fulas biyu, da fanka mai caji, da filo, da fitila, kamar an ce min asibitin a daji yake. Na jera su a bakin ƙofa, wanda za a fara ɗauka a gaba. Na sa mijina ya bi hanyar asibitin da ni ta layuka daban-daban, don in an tare wannan a bi wancan. Asibitin da in ka tsaya a ƙofar gidan Baba ka miƙa wuya kana hango tankin ruwansa.

Wata safiya na tarar da wani tsohon zani a ninke a kan akwatina. Atamfa ce da ta sha wanki har ta yi laushi, zanen jikinta ya koɗe, tana ƙamshin turaren wutar da mutum ɗaya ke amfani da shi a gidan. A cikin ninkin akwai dabino da 'yar robar zamzam. Na tambayi Gwaggo, ta ce ba ita ba ce. Ban tambayi kowa ba kuma. Ba ya cikin tsarina, bai dace da sababbin kayana ba, amma na cusa shi a jakar asibiti.

Ana saura kamar mako biyu a lissafin likita, wata Asabar da rana, na ji cikina ya murɗa, ya saki, ya sake murɗawa. Na duba agogo yadda aka koya mana. Na miƙe cikin natsuwar da na daɗe ina bita, na ce wa Gwaggo lokaci ya yi. Gida ya hautsine. Aka kira mijina, maigadi ya wangale get, aka loda akwatuna, ƙwallon roba ta ƙi shiga bayan mota aka ɗora wa Gwaggo ita a cinya. Ina zaune a gaba ina hu-hu-hu, ko ƙara ban yi ba. Har tausayin sauran mata na fara ji, ina cewa ashe wannan ce naƙudar da ake ta zuzutawa.

Nas ta duba ni, ta cire safar hannu, ta ce, "Me kika ci yau?"

Na ce ɗanwake.

"Da me?"

Na ce da ƙwai, da kabeji, da yaji.

"Kwano biyu," in ji Gwaggo, ba wanda ya tambaye ta.

Nas ta ce in koma gida in sha ruwan ɗumi in yi ta zagaye tsakar gida, don abin da ke son fita daga cikina yau ba jariri ba ne.

Muka dawo da akwatunanmu, maigadi na tambaya tun daga nesa wai mace ce ko namiji. Umma na tsaye a baranda da hijabi a jikinta da carbi a hannu. Ta dubi akwatunan, ta dubi ƙwallon, ta dubi bishiyar mangwaro ta ce, "A dinga rage ɗanwake." Ta shige ciki. Kunya ta hana ni tunanin komai a lokacin. Sai da na kwanta na tuna hijabin, na ce to ina za ta da tsakar rana, ita da ba ta fita.

Ta gaskiyar ta zo wata Alhamis da safe, kuma da ta zo ban tsaya duba agogo ba. Wannan karon ba a yi gayya ba, kowa ya ƙoshi da ni. Baba ya yi tafiya da direba. Mijina ya zo ya ɗauke mu ni da Gwaggo, da akwati ɗaya da jakar asibiti. Ƙwallon tana nan a ɗaki, ko kallonta ban yi ba. Da za mu fita na tsaya a ƙofar ɗakin Umma, na dafa bango na ce, "Umma, za mu tafi." Daga ciki ta ce, "Allah ya raba lafiya." Na ɗan jira ko akwai ƙari. Babu.

Maganar ƙanƙara ƙarya ce, duk wadda ta ƙirƙiro ta Allah ya shirye ta. Numfashin ma tun kafin azahar na manta ko ta hanci ake ja ko ta baki. Abu ɗaya ne ya yi min rana, tsohon zanin nan. In ciwon ya taso sai in cusa gefensa a baki in datse da haƙori, in damƙe ƙarfen gado har ya lafa. Gadona na kusa da ƙofa, labule ne kawai tsakanina da teburin ma'aikata. A gado na gaba wata baiwar Allah na ta kiran uwarta da ubanta, tana rantsuwa cewa daga wannan ta gama, mijinta ya nemi wata sana'ar. Ni kuwa shiru. Nas ɗin safe har nuna ni ta yi ta ce, "Ku dubi wannan, haihuwar fari ce fa." Ina cikin azaba amma sai da na ji kaina ya ƙara girma. Na waiga na dubi Gwaggo don in tabbatar ta ji, tunda ita ce za ta kai rahoto.

Rana ta take, abu ya ƙi gaba. Aka ɗaura min ƙarin ruwa da allurar naƙuda a ciki. Likita ta zo ta duba, ta ce in zuwa la'asar ba a ga ci gaba ba sai tiyata, ta tura a faɗa wa mijina ya je ya ba da jini a ajiye. Gwaggo, jarumar dangi, tana jin kalmar tiyata ta miƙe zumbur, ta yi taga-taga ta zube a gindin gado. Ashe azumin Alhamis ta ɗauka saboda ni, ga ciwon suga, ga zafi. Aka ɗora ta a keken marasa lafiya aka yi wani ɓangaren da ita, tana cewa ba komai ba ne a sake ta. Daga baya na ji cewa tana dawowa hayyacinta ta kira Umma a waya, ta faɗa mata ana maganar tiyata kuma ba kowa a kaina.

Na rage ni kaɗai. Mijina na can ana ɗibar jininsa, Gwaggo na can ana ɗura mata lemo, ma'aikatan safe sun tashi, na rana sun karɓa, ba wadda ta san ni a cikinsu. Nan ne tsoro ya kama ni, tsoron mutuwa na gaske. Na tuna duk matan da na taɓa jin an ce sun tafi wurin haihuwa. Na ce ashe haka zan tafi da zani a baki, ban yi raki ba, kuma ba mai shaida.

Ina cikin haka sai na ji sallama a bakin tebur, ƙasa-ƙasa. Ko a tsakiyar kasuwa na ji muryar nan zan gane ta.

"Sannu Hajiya, wa kike nema?" in ji nas ɗin rana, wata mai kaifin murya.

"Wata yarinya ce aka kawo da safe."

"Hajiya, duk waɗanda ke ciki yara ne, kuma yawancinsu da safe aka kawo su. Ya sunanta?"

"Doguwa ce haka. Suna tare da gwaggonta."

"Ni ban ga gwaggo ba, yanzu na karɓi aiki. Sunanta za ki faɗa min. Kuma yaya kuke da ita? Don ba ma barin 'yan dubiya."

Umma ce. Ta ƙasan labule ina hango ƙafafunta, sanye da silifas ɗin da take shiga kicin da shi. Daga baya maigadi ya ce ita kaɗai ta fita ba ta yi wa kowa magana ba, ta taka har bakin titi ta tari adaidaita sahu, don ba sa shigowa layinmu. Matar da ko gidan maƙwabta sai an kai ta a mota.

Da na iya buɗe baki na ce Umma ga ni nan, da magana ta ƙare. Amma ciwon ya taso daidai lokacin, zani na bakina, ƙarfen gado na hannuna. Kunnena ne kawai ke aiki.

"Hajiya, ki yi haƙuri ki koma benci ki zauna. In kin tuna sunan kya dawo."

"Ban manta ba," in ji Umma.

Sai ta faɗa. Can ƙasa, kamar mai lallaɓa ƙwai. Sunana na yanka, da sunan Baba a bayansa, shi ma sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, don Alhaji take ce masa.

"Na'am? Fankar nan ta cika ƙara. Ɗaga murya, Hajiya."

Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yadda take kiran ƙannena daga kicin. Sannan ta ce, "Ni na haife ta. Ita ce ta fari."

Ban san lokacin da zanin ya faɗi daga bakina ba. Wani irin kuka ya ƙwace min, ba irin na manya mai hawaye a ɓoye ba, irin na yaron da aka manta a makaranta aka zo ɗauka bayan kowa ya watse. Baki a wangale, da majina, da shessheƙa. Duk atisayen da na yi, ƙanƙarar zoɓo, ƙwallon roba, suka bi ruwa. Baiwar Allah ta gado na gaba ma sai da ta yi shiru ta leƙo. Ma'aikata suka rugo a guje sun ɗauka wani abu ne ya faru da cikin. Daidai lokacin aka turo Gwaggo a keke da robar lemo a hannu, ta iso a kan gaɓa ta ga komai da idonta, sai dai ba ta ji abin da ya gabata ba.

Umma ta ɗaga labule ta shigo. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta ɗauki zanin daga ƙasa, ta kakkaɓe shi, ta goge min fuska da ƙarfi kamar mai goge tire. Ta zagaya bayana ta sa tafin hannu a ƙuguna, ta danna daidai inda ciwon yake.

"Ke, ya isa," in ji ta. "Adana ƙarfinki."

Sai na ƙara sautin kukan.

Ko allurar ce ta yi aiki, ko kukan, ko hannun, Allah ne masani. Ba a kai ga tiyata ba. Ana kiran la'asar a masallacin asibiti 'yata ta faɗo, jinin mijina kuma ya zama sadaka. Da aka gyara jaririyar aka naɗo ta, Umma aka miƙa wa. Ta karɓa ta hau yi mata surutu, ƙawata kaza, mummuna kaza, mai hancin ubanta, kin wahalar da mutane. Duk maganar da ba ta taɓa yi min ba ta zazzage wa jaririyar da ko ido ba ta buɗe ba. Ina kwance ina ji, na kuma ɗauki rabona a ciki ba tare da an ba ni ba.

Washegari muka koma gida, komai ya koma yadda yake. Gwaggo ke yi min wankan jego da ruwan zafi da ganyen darbejiya, tana ba kowace 'yar barka labarin rakina, kullum labarin na ƙara tsawo. Ranar suna har tashi tsaye ta yi ta gwada. Mata suka yi ta dariya, wata ta ce ai 'yan boko sai a hankali, wata ta tono maganar ɗanwake. Na saci kallon Umma. Tana zuba waina a kwanuka, kanta a ƙasa. Ba ta kare ni ba, ban kuma sa rai ba, don in ta faɗi dalilin kukan ta tona kanta. Ni ma ban faɗa ba. Mu biyun muka bar wa Gwaggo labarinta.

Yarinyar yanzu tana makaranta. Ni sunanta nake kira safe da yamma, har ta gaji ta ce Mami ai na ji. Sai dai in Umma na wurin, nan kam harshena kan yi nauyi, in tsinci kaina ina cewa "ke". Ita kuwa Umma har yau ni "waccan" ce. Jiya ma da na je gaishe ta, bishiyar mangwaro ta duba ta ce a ɗauki miyar da ke firiza in za a tafi. Ba ta ƙara faɗin sunana ba tun ranar, ba na kuma jin za ta ƙara. Wanda na ji ya ishe ni. Har sau biyu na ji, kuma na biyun da ƙarfi. Nas ɗin nan mai kaifin murya ban san sunanta ba, ko fuskarta ban riƙe ba, amma har yau ina sa ta a addu'a, ita da fankar da ta hana ta jin na farko.